Shekarun Ummi a bakinta

Na tarar ana gardama a tsakar gidanmu a Kurfi kan shekarun Ummi, 'yar yayana. Inna ta ce biyar, ba ta isa firamare ba. Uwarta ta ce shida.

Da yake karatun kula da haƙori nake yi, na ce ta buɗe baki. Ta fara famfara, sabon turmi kuma ya leƙo can ciki. Na ce shida.

Baba, wanda dillalin dabbobi ne, shi ma ya duba.

"Shida ce. Ashe, Hadiza, abin da nake yi wa raguna ranar kasuwa shi kika tafi birni koyo?"

Ranar Litinin aka kai Ummi makaranta. Inna ta yarda, amma da maganar Baba, ba tawa ba.

Ku a gidanku maganar wa ake ɗauka?