Tallar Gadar da Ba Ta Kai Tsallake Ba

A kamfanin shirya tallace-tallacen da yake aiki, Darakta ake ce masa, amma a bayan idonsa A-sake suke kiransa, domin ko atishawa ka yi a gaban kyamararsa sai ya ce ba ta fita da kyau ba, a sake. Ya shiga sana'ar yana saurayi da burin yin fim, ga shi har furfura ta cinye masa gemu bai wuce tallar sabulu da katifa da maganin sauro ba. Ya iya aikinsa kuwa. Ba shi tsagaggen bokiti, zai juya shi ta gefen da za ka ji kana son saya.

Mahaifiyarsa tana wani gari can bayan kogi. Tun da gwiwa ta fara damunta ta daina shiga kwale-kwale, ƙaramar 'yarsa ma a waya kawai tsohuwar ta san muryarta. Kullum maganarta ɗaya ce: ranar da aka gama gada, ita ce farkon hayewa. Kuma duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya sha labarin Autanta mai aikin talabijin, wanda tun yana yaro ba ya faɗin abin da ba haka ba.

Sai ga kamfanin da ke gina gadar ya kawo musu aiki. Darakta ya je ya gani da idonsa. Daga wannan gaɓar an shimfiɗa kwalta, an ja farin layi, har da fitilu. A tsakiyar ruwa kuwa gadar ta ƙare kamar an yanke ta da wuƙa, rodi tsirara a sama, wani lebura ya shanya wandonsa a kai. Wakilin kamfanin, wani mai yawan duba agogo, ya ce su dai so suke jama'a su ji a jikinsu cewa an gama.

"To ai ba a gama ba, ranka ya daɗe," in ji Darakta.

"Shi ya sa muka nemo ka."

Gajiya ta hana shi musu. Ya sa aka kafa kyamara ƙasa-ƙasa, yadda kwaltar za ta haɗe da sararin sama. Aka ɗauko hayar motoci, aka wanke su fes. Mota ta hau da gudu, direba ya taka birki kafin ƙarshen, ya juyo, a sake. Haka suka yini cikin rana har muryarsa ta dishe. Da ya zauna ya yanke wuraren birkin, aka ɗora kiɗa, shi kansa sai da ya ji kamar ya hau ya haye. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Ya so ya gaya wa tsohuwar tun kafin ta gani. Ya yi ta cewa gobe, har tallar ta fita.

Yana cin abincin rana a kan teburin ofis kiranta ya shigo. Muryarta har rawa take don murna.

"Auta! Mun gani! Maƙwabta sun cika min ɗaki, na ce musu aikin ɗana ne. Wani wai shi ya ji ba a gama ba, na ce ya rufe min baki. Na riga na ɗaure kayana."

Ya ture kwanon gefe. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun ƙuruciya.

"Inna, ba a gama ba."

"Kamar yaya? Da idona na ga motoci suna hayewa."

"Juyowa suke yi. Ni na yanke wurin."

Yana jin hayaniyar mata a bayanta, ana dariya, wata tana tambaya wai yaushe ne tafiyar.

"Yi magana a hankali," in ji Inna, ta rage murya. "Suna nan zaune. Yanzu me kake so in ce musu?"