Yaron Nan na Cikin Kwamfuta

Inna Mairo maƙwabciyata ce a wani ƙauye gabas da Bici, sana'arta daddawa. Shekara talatin muna katanga ɗaya, ban taɓa jin ta kama sunan Basiru ba. Ɗanta na fari ne, kunyarsa take ji. “Yaron nan” kawai take cewa, ko kwanonsa ba ta miƙa masa da hannunta.

Shekarar da gero ya gagari talaka, Basiru ya tafi haƙar zinare, ya bar matarsa Bilki da 'yarsu Fadima, da tsohuwar kwamfutar da ya yi karatu da ita. A ciki akwai wasan da ake gina gida, a zuba mutane, a ci da su, a kwantar da su. Ya ƙera kansa a ciki, har da hularsa a karkace.

Wata bakwai ba waya, ba saƙo.

Inna Mairo da ko rediyo ba ta iya kamo tasha, sai ga ta ta koyi latsa kwamfuta. Kullum da hantsi ta kai ta caji shagon mai sola, ta dawo ta kulle ɗaki. In layin cikin Basirun kwamfutar ya yi ja, yunwa ke nan, ta kai shi kicin ya ci. Na yi mata faɗa, wallahi har na kira ta mai taɓin hankali. Ta ce, “In na bar shi a nan da yunwa, a can ma haka ne.”

Rumbu kuwa ya ƙare ƙaf. Alhaji Hadi mai hatsi ya ce a ba shi kwamfutar don 'yarsa, ya ba da buhun gero, amma sai an goge komai na ciki. Bilki ta durƙusa.

“Inna, tun jiya Fadima ruwan kunu kawai ta sha.”

“Ku ƙara mini kwana biyu.”

Kwana biyun suka zama biyar. Alhaji ya aiko cewa Juma'a zai kai buhun kasuwa. Raina ya ɓaci, na shiga gidan da niyyar ƙwace abin da ƙarfi.

Na tarar da Fadima a cinyar Inna Mairo, wuyanta ya yi siriri kamar sillen kara, tana kallon babanta yana cin shinkafa a gilashin kwamfutar.

“Inna,” in ji yarinyar, “ni ma ki saka ni a ciki in ci.”

Inna Mairo ta jira har ya cinye, ta kai shi gado, ta kwantar. Ta rufe murfin, ta miƙo mini.

“Kai wa Alhaji.”

Ina bakin ƙofa na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba.

“Basiru, ka yafe mini. 'Yarka ce.”