Ciwon da Kabo Mai Gyaran Keke Ya Yi Ta Jira

Duk wanda ya tashi a Kusada a shekarun da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna ya san rumfar Kabo mai gyaran keke, a gindin dalbejiyar bakin kasuwa. A wancan zamani keke shi ne abin hawan mai rufin asiri. Malaman firamare, malaman gona, masu ɗauko gyaɗa daga Kunduru, kowa ta wurin Kabo yake bi. Dogo ne siriri, hannunsa kullum baƙi ƙirin da giris, bakinsa kuma ba ya rabo da labari. Da yawa sukan zo rumfar alhali kekensu lafiya lau, hirar kawai ta kawo su.

Mahaifinsa, Malam Audi, manomi ne a Dudunni, mutum mai kaifin tunani wanda ake kira idan an yi rikicin iyakar gona. Shi ne aka wayi gari ya fara neman fartanyar da ke rataye a kafaɗarsa. Aka yi dariya, aka ce tsufa. Daga nan sunayen jikoki suka ɓace masa. Wata damina ya fita da sassafe da ƙoƙon iri a hannu, sai da yamma aka tsince shi a hanyar Yashe, ba takalmi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. An sha rubutu, an yi hayaƙi, abin bai tsaya ba. Ranar da ta fi tsaya wa Kabo a rai ita ce ranar da ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya dube shi da fara'a ya ce, "Bawan Allah, kai ɗan gidan wa ne?"

A zaman makoki wata gwaggonsu ta ce, ba da wata manufa ba, "Ai haka kakanku ma ya ƙare." Kabo ya ji, ya ɗauki maganar ya ajiye a cikinsa. Tun daga lokacin, idan ya manta inda ya ajiye sifana sai gabansa ya faɗi.

Matarsa Rahamatu kaɗai ta san wannan tsoro. 'Yar Yashe ce, daga gidan da tsofaffi ke kai wa ga ganin tattaɓa-kunne da hankalinsu garau. Ƙuliƙuli da man gyaɗa take yi, kuma ita ce ke riƙe da lissafin dangi a ka: wane aka haifa shekarar fari, wance aka yaye da azumi.

"Rahamatu," yakan ce mata, "in nawa ya zo, kada ki bari in fita yara su bi ni suna dariya."

"Haba Malam," takan ce tana murza tunkuza, "kai da ka san kekunan garin nan fiye da masu su? Allah ya sawwaƙe. In ma ya zo, ai ga ni."

Shekaru suka ja. Babura suka cika gari, rumfar ta rage cika, furfura ta rufe kan Kabo. Autarsu Fiddausi ta shiga makarantar koyon aikin lafiya a Kankia. Wani hutu da ta zo, ya kira ta zaure, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da tambayar.

"Ciwon nan na kakanki, a karatunku an ce ana gadonshi?"

"Baba, likitoci suna kiransa Alzheimer. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba aikin kowa ba ne. Akwai wata ƙwayar halitta da ake gada wadda ke ƙara yiwuwar kamuwa. Amma wani yana ɗauke da ita ya tsufa lafiya lau, wani kuma ba shi da ita ya kamu."

"To mi mutum zai yi?"

"Maganin warkewa dai har yanzu ana kan bincike. Amma masu binciken sun ce kula da hawan jini da ciwon suga, da motsa jiki, da zama cikin mutane, duk suna rage haɗarin. Kawo hannunka in auna ka."

Aka auna, jininsa ya hau. Kabo ya rungumi maganar nan kamar ibada. Ya sa aka rage masa gishiri. Da 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa babur, ya yi godiya, ya sa albarka, ya ci gaba da tuƙa kekensa zuwa gonar Dudunni. Duk shirinsa na wanda za a yi jinya ne.

Ana haka sai miyar Rahamatu ta fara canzawa. Yau gishiri sau biyu, gobe babu. Ta bar mai a wuta har ya ƙone, ita da ba ta taɓa ƙona kasko ba. Rannan ta shiga barka maƙwabta, aka dawo da ita tana hawaye, wai ta rasa ƙofar gidanta. Fiddausi, wadda a lokacin ta fara aiki, ta kai su asibiti a Katsina. Likita ya yi tambayoyi, aka yi gwaje-gwaje, sannan ya faɗi sunan ciwon.

Kabo ya gyara zama. "Likita, ka ƙara dubawa dai. Ni ne mai gadon. Ita gidansu babu wanda ya taɓa yi."

"Baba, ciwon ba ya tsayawa a gidan da ya saba," in ji likitan a hankali.

Kabo ya ɗauko Rahamatu suka dawo gida. Washegari ya miƙa wa ɗansa Bishir rumfar, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Rahamatu. Surukai suna girki da wanki, amma abinci daga hannunsa kawai take karɓa. Abin da ya gani a jinyar mahaifinsa ya zame masa makaranta. Ba ya musu da ita, ba ya ce mata "kin manta?"

Wata safiya ta dube shi ta ce, "Kabo." Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunansa ba. Muryar kuwa irin ta lokacin da take yarinya ce, tana tallan ƙuliƙuli a bakin rumfarsa. "Kabo, kai ni gida, Innata na jira na." Innar ta daɗe a ƙasa. Ya tashi ya naɗa zane a kariyar keke, ya ɗora ta, ya tura a ƙasa sannu a hankali. Suka bi bayan gari, ta gefen gonakin gero, tana nuna masa itatuwa tana kiran sunayen ƙawayenta na ƙuruciya. Da suka zagayo ƙofar gidansu ya ce, "Mun iso." Ta sauka da murna. Wannan zagaye ya zama nasu kusan kullum, har mutanen unguwa suka saba, suna ɗaga musu hannu suna cewa a gaida mutan Yashe.

Fiddausi ta taɓa gaya masa an fito da wasu magunguna a ƙasashen waje masu ɗan rage saurin ciwon idan an kama shi da wuri, sai dai ba su iso nan ba. Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya sa jikokina su riske su."

Rahamatu ta rasu bayan an gama yankan dawa, da hantsi, kanta a kan cinyar Fiddausi, Kabo yana riƙe da hannunta yana mata kalmar shahada.

Shi kuwa yana nan, ya tsufa tukuf, hankalinsa bai gusa ba. Kwanakin baya wani magidanci, Hussaini, ya zo takanas daga Kunduru, don an ce masa a Kusada akwai wanda ya san irin wannan jinya. Ya ce mahaifiyarsa kullum sai ta ɗaure kaya ta ce za ta kasuwa, sun rasa yadda za su yi, har sun fara kulle mata ɗaki.

"Ku buɗe ɗakin," in ji Kabo. "Ku kai ta asibiti a duba ta. In ta ce za ta kasuwa, ka ɗaukar mata kayan, ku fita tare. Ka tambaye ta mi za ta sayo."

Hussaini ya ce, "Kullum daddawa take cewa."

"To ka riƙa ajiye daddawa a aljihu."