Harbin Filena

Filena, wato injin gogar katako a wajenmu kafintoci, ba ta iya ɓoye ciwonta. In wuƙarta ta dakushe, fuskar katako za ta fito da gashi-gashi. In ta ci ƙusa ta ɓalgace, sai layi ya bi katakon tun daga kai har gindi. In kuwa katako ya cije a ciki, galibi rolar da ke jansa ce ta yi datti. A kashe inji, a goge ta da kananzir, a murza kyandir a kan farantin da katakon yake bi, shi ke nan. Duk na san wannan kamar yunwar cikina. Na kuma san tana harbi, ta cillo katako baya da ƙarfin da ya fi na jaki. Shi ya sa duk wanda ya tsaya mini a saitin bakinta yake shan zagi, ko shi wane ne. Ni ba mai haƙuri ba ne, duk layinmu a Kura an shaide ni.

Wata Talata da hantsi surukina, mahaifin matata, ya zo daga gonarsa ta wajen Bunkure da katakai huɗu ɗaure a bayan babur. Irin waɗanda masu noman rani suke datse ruwa da su ne a bakin magudana. Gajeru, jiƙaƙƙu, laka da yashi sun shige su har ɓargo. Wai benci yake so na ƙofar gida.

Da wani ne ya kawo su, da na ce ya kai wa mai ƙosai ta hura wuta. Amma na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa, na ce, “To Baba, yanzu kuwa.”

Na farko ya wuce da ƙyar, ina jin yashi yana cin wuƙata, raina yana ƙuna. Na biyu ya shiga rabi ya cije. Injin ya hau gurnani, rumfa tana rawa, ƙaurin katako ya tashi. Na zagaya ta gaba don in ja shi. Ina ɗago kai sai na ga Baba ya tsuguna daidai bakin injin, yana leƙa ciki, yana tura katakon da tafin hannu. Taimako yake yi.

Makunnin injin yana bayansa. Kafin in kai gare shi sai na ture dattijon, ko na tsallake shi. Ga tsawa ta zo mini har maƙogwaro. Amma ta yaya zan daka wa uban matata tsawa, mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba? Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Baba, da an ɗan matsa.” Ni kaina ban ji muryata ba.

Sai ƙara kamar an fasa taya. Katakon ya tsage, ya dawo ya same shi a haɓa. Hularsa ta yi sama, shi kuma ya yi baya ya bugu da langa-langar rumfa. Na kashe injin na tallafo shi. Jini yana bulbulowa ta baki yana jiƙa garin katako, leɓensa na ƙasa ya rabe biyu. Na sa yatsa na zaro haƙora daga bakinsa don kada ya haɗiye. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A adaidaita muka kai shi asibiti, rigata a toshe a bakinsa.

Muƙamuƙi ya karye. Wata biyu yana shan kunu da tsinken roba. Kullum sai na je na tsuguna daga bakin ƙofa na yi sannu, bai taɓa amsawa ba, na ɗauka ciwo ne.

Ranar da bakinsa ya buɗe, ya yafito ni da hannu. Maganar tana fita a taune.

“Ka ga zai harbo?”

“Na gani, Baba.”

“Ka yi magana?”

“Na yi. A hankali.”

Sannan ya ɗaga leɓensa da yatsa ya nuna mini dasashi fayau.

“Ɗago kanka ka duba,” ya ce. “Ga ladabinka nan.”