Jitar da Kaka Take Ji

Har yau in jirgin ƙasa ya ratsa Agege, na ji murfin tukunya yana kakkarwa a kicin, sai jeren samirar kakata ya faɗo mini a rai.

Gidanmu dab yake da layin dogo. Kawuna direban tirela ne, a zaman jiran lodi a Apapa ya koyi kaɗa jita. Wata damina ya dawo da guda uku na hannu da tsohuwar sifika, ya ce zai haɗa ni da 'ya'yansa biyu mu riƙa kiɗa a gidan biki. Ya zaunar da mu a baranda ya yi bayani. Lid ce mai siririyar murya, ita ke gaba, ita 'yan mata ke kallo. Ridim na riƙe tsakiya. Bes kuwa, mai kauraran wayoyi huɗu, can baya take kusa da mai ganga.

Ni ya ba zaɓin farko. Boko dai bai shige ni ba, amma ko waƙar Yarbawa na ji a motar haya ta danfo sau ɗaya, na kama ta ke nan. Kowa ya san lid zan ɗauka. Har na fara gwada tsayuwa a gaban madubi.

A lokacin kunnen Kaka ya riga ya tafi. Matar da in tana waƙar daka har maƙwabta ke leƙowa, ta koma zaman ɗaki shiru. Ko ruwa na dukan kwano ba ta ji. Jirgi kawai take ganewa, don yana girgiza mata jere.

Ranar gwaji na kaɗa lid, Kawu yana ta gyaɗa kai. Sai na ce bari in ɗan taɓa bes, kar a ce ban gwada ba. Ashe sifikar na jingine da bangon ɗakin Kaka. Ban yi nisa ba sai ga ta a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali.

"Angona, wane irin jirgi ne yau yake sa samirata rawa?"

Na nuna mata jitar, na ci gaba. Ta dafa bango da tafin hannu. Can sai kafaɗarta ta fara bin kiɗan daidai, ba kuskure, ta ɗauko wata waƙar daka da duk mun manta da ita.

Da Kawu ya miƙo mini lid, na ce ya ba babban ɗansa. Ya ce in sake tunani, ɗan bes ko a hoto rabinsa ake ɗauka. Na ce na yarda.

Bai yi ƙarya ba. Hotunan suna nan, kafaɗata ce kawai a ciki. Amma har Allah Ya karɓi ranta, Kaka ba ta taɓa bari mun yi gwaji ba tare da ta dafa bangon nan ba.

Yanzu yara da kwamfuta suke haɗa kiɗa, maiɗakina kuma robobi ta jera, ba abin da ke rawa. Nawa kunnen ma ya fara nauyi, sai jikokina sun maimaita magana. Ban damu sosai ba. In na ɗauko bes da yamma, ina jin ta a ƙirjina.