Shirun da Kawu Ya Sa a Tsakiyar Kiɗa

Jiya a tashar jirgin ƙasa ta Canal Street na ji ana goga gogen Turawa, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Shekarar da wasu Turawa suka lakaɗa wa ƙanena duka don shi baƙar fata ne, na iske Kawu a falonsa, shayinsa ya huce, yana rubuta kiɗan makaɗa arba'in.

Na ce, "Kawu, an zubar da jini, kai kana kiɗa?"

Ya ce, "'Yata, ihunmu ba sa ji. Wannan kuwa a zaune za su saurara."

Ran da aka kaɗa kiɗan, ni da ƙanena muna cikin masu sauraro, ana tsaka da kiɗa makaɗan suka tsaya cak, yadda Kawu ya tsara don abin da aka yi wa ƙanena. Cikin shirun nan wata Baturiya da ke gefenmu ta riƙe hannun ƙanena. Na gode, Kawu. Allah ya haskaka kabarinka.