Guggurun Dawa da Magarya

Jiya ina suyar gyaɗar da za ni raba wa maƙwabta da Sallah, sai ƙamshin kasko ya tuno min da uwar mijina.

A shekarun fari ne, Sallata ta farko a Kurawa. Ba ni da abin aika wa gidanmu a Isa, sai na kai hannu ga tulun gyaɗar iri. Ta riƙe ni.

"Bar ta, ɗiyata, ta shuka ce. Ruwa za ya dawo."

"Inna, to in aika kwano wayam?"

Sai ta hura wuta. Ta zuba dawa tafi biyu a kasko, tana fashewa fat-fat, fara tas. Ta yayyafa ruwan gishiri, ta barbaɗa garin magarya. Kamar kullum, sai da ta rufe ido sannan ta ɗanɗana.

"Gishiri shi ka tada zaƙi," in ji ta. "Ki ce ke kinka yi."

Bayan kwana biyu mahaifiyata ta maido kwanon da saƙo: "Wannan ba hannunki ba ne. Hankalina ya kwanta, kin sami uwa."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya shayar da ita ruwan da ba ya yankewa.